Shafi na Biyu: Wane Lasisi Ya Dace da Abin da Ka Rubuta?

Mu biyar ne muka rubuta 'yar jagorar. Huɗu ɗalibai ne a nan Madina, na biyar ɗinmu kuma haifaffen Makka ne, ɗan Misfala, wanda kakansa ya zo aikin hajji da ƙafa bai koma ba. Shafi 48 ce da Hausar boko: yadda ake neman izinin shiga Rauda ta manhajar Nusuk, yadda ake yankar tikitin jirgin ƙasa na Haramaini tsakanin Makka da Jidda da Madina, abin da tsoho zai faɗa da Larabci in ya ɓace a Mina, da inda mai ciwon suga zai nufa in jiri ya ɗebe shi. Ba mu yi musu a kan ko layi ɗaya na cikinta ba sai da muka zo shafi na biyu, inda ake rubuta abin da aka yarda mai karatu ya yi da littafi, wato lasisi. Nan muka kwana uku muna ja-in-ja, shayi yana hucewa a gabanmu.

Wanda ya fi kowa zafi a cikinmu yana da dalilinsa. Shekara biyu da suka wuce ya tattara wasu bayanai a kan umara ya tura wa 'yan garinsu ta WhatsApp, fisabilillahi. Da ya je hutu gida sai ya gan su shimfiɗe a teburin wani mai sayar da littattafai, an yi musu bango mai sheƙi, an goge sunansa an ɗora na wani, har kuskuren da ya yi a shafi na bakwai yana nan ba a gyara ba. Ya tambayi kuɗi, ya biya, ya taho da kwafi ɗaya, yana nan cikin akwatinsa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Don haka shi a ganinsa a kulle komai, ba sayarwa, ba taɓawa. Ɗan Makkan kuwa cewa ya yi, "Ku ɗalibai kun cika son wahala. A rubuta waƙafi ne don Allah, ba a sayarwa, shi ke nan. Haka muka taso muka gani." Ni kuma na zo da haruffan da ba wanda ya so ji, CC BY-SA, ɗaya daga cikin lasisan ƙungiyar Creative Commons (CC) da zan bayyana a gaba.

Akwai wani zaɓin da yawancin marubutanmu ke yi ba su san zaɓi ba ne, wato a bar shafin fayau. Mutum yana zaton tunda bai hana ba ai ya yarda. Doka ba haka take kallonsa ba. A ƙarƙashin yarjejeniyar Berne ta 1886, wadda Najeriya ta shiga a 1993, Sudan a 2000, Saudiyya a 2004, haƙƙin mallaka yana hawa kan rubutu ne da zarar an rubuta shi, ko ba rajista ko ba tambari. A Saudiyya yana ɗorewa tsawon ran marubuci da ƙarin shekara 50 bayan mutuwarsa, a Najeriya 70. Kuma kada wani ya ce ai wannan al'adar Turawa ce kawai. Majalisar Fiƙihu ta Duniya mai mazauni a Jidda, a zamanta na biyar da ta yi a Kuwait cikin Disambar 1988, ta zartar cewa haƙƙin wallafa da na ƙirƙira abin kiyayewa ne a Shari'a, bai halatta a keta shi ba. To ka ga mai tsoron Allah da ya tsinci jagorarka ba wata sanarwa a kanta, dole ya tsaya neman izininka kafin ya buga ko ya fassara. In lambar wayarka ta canza, ko ka gama karatu ka koma gida, ko Allah ya yi maka cikawa, aikin ya maƙale ke nan.

Masu rubuta manhajar kwamfuta ne suka fara zama suka fayyace abin da ake nufi in an ce abu a sake yake. Richard Stallman, wanda ya kafa FSF, gidauniyar kare 'yancin masu amfani da manhaja, a 1985, ya ƙirga 'yanci huɗu da mai amfani da manhaja ya kamata ya samu. Daga baya aka lura cewa manhaja tana iya zama a sake amma littafin da ke koya yadda ake aiki da ita a kulle, an ba ka mota an riƙe makulli. Wannan ya haifi lasisin GFDL a shekarar 2000. A 2006 kuma Erik Möller da Benjamin Mako Hill da wasu suka ɗauko waɗancan huɗun suka auna su da rubutu da hoto da sauti, suka fitar da ma'anar aikin adabi mai 'yanci, wadda gidauniyar Wikimedia mai kula da Wikipedia ta karɓa a 2007 ta zama ma'auninta.

Da jagorarmu na bayyana wa abokan nan su. Na farko, hajiya ta karanta ta yi aiki da ita yadda ta ga dama, ba mai tambayarta ita wace ce ko don me. Na biyu, malamin bita ya yi nazarinta ya ɗebi abin da ya koya ya kai ajinsa. Na uku, kowa ya kwafa ya raba, duka ko wani sashe, a takarda ko a waya, ya karɓi kuɗi ko kada ya karɓa. Na huɗu, kowa ya gyara, ya ƙara, ya taƙaita, ya fassara, ya kuma yaɗa abin da ya gyara. Sharuɗɗan da ma'anar ta yarda a gindaya kaɗan ne, manyansu biyu: a ambaci mai aikin, kuma a ce wanda ya gina a kai ya bar nasa a buɗe. Duk lasisin da ya cire ɗaya daga cikin huɗun nan, ko da ya fi kullewa sauƙi, bai kai ga sunan mai 'yanci ba.

Abin da ya fara ɗaure wa mutanena kai shi ne babu maganar araha ko kyauta a ciki ko kaɗan. Larabci ya raba kalmomin da kyau, majjani daban, hurr daban, mu ma kyauta daban 'yanci daban. Littafin da aka ba ka a bakin Harami ba ka biya ko sisi ba kyauta ne, amma ba lalle ka sami ikon sake buga shi ba. Wanda ka saya riyal goma yana iya zama mai 'yanci in an yarda ka kai shi shagon fotokwafi ka yi wa duk 'yan tantinku.

Maganar waƙafi da ɗan Makkan ya kawo ba ta banza ba ce, ni ma ina ganin girmanta. Duk alhajin da ya taɓa karɓar Alƙur'ani na Cibiyar Sarki Fahad da ke nan Madina, wadda ta fara aiki a 1984 kuma take buga tarjamar Hausa ta marigayi Sheikh Abubakar Mahmud Gumi, ya ga an rubuta waƙafi ne don Allah, bai halatta a sayar ba. A Mushafi wannan daidai ne ɗari bisa ɗari. Ba wanda ke son a taɓa masa harafi, kuma akwai hukuma mai ƙarfi da ta ɗauki nauyin bugawa da rabawa. Mu kuwa ba mu da maɗaba'a, ba mu da jirgin kai kaya. Sannan jimlar nan guda ɗaya tana barin tambayoyi a rataye. An yarda a fassara? A taƙaita? Mai shago ya karɓi kuɗin takarda da tawada? Wasu suna rubuta haƙƙin bugawa na kowane Musulmi ne, to ma'aikaciyar jinya Kirista a sansanin alhazai da ke son buga shafin masu ciwon suga fa? Niyya mai kyau ce, amma kowane mai karatu sai ya yi mata tafsirin kansa, kuma Wikimedia Commons, rumbun hotuna da fayilolin da Wikipedia ke ɗiba, ba ya karɓar aikin da aka hana sayarwa ko gyarawa.

Lasisan Creative Commons sun zo ne don toshe irin wannan ɓaraka. Lawrence Lessig da abokan aikinsa suka kafa ƙungiyar a Amurka a 2001, lasisan farko suka fito a Disambar 2002, zubi na 4.0 da ake amfani da shi yanzu kuma a Nuwambar 2013, an tsara shi don ya yi aiki a kowace ƙasa. Guda shida ne, amma haruffa huɗu ake juyawa. BY yana cikin dukkansu, ma'anarsa a ambaci mai aiki. NC ya hana kasuwanci. ND ya hana yaɗa abin da aka canza. SA ya ce wanda ya canza ya saki nasa a kan lasisi iri ɗaya. Biyu ne kawai cikin shidan suka cika 'yancin nan huɗu, BY da BY-SA. Sauran huɗun duk akwai NC ko ND ko duka biyu a jikinsu.

NC shi ne wanda zuciyar Bahaushe ke fara karkata gare shi, musamman in rubutun ya shafi addini, don yana kama da waƙafi. Shi ya fi cinye mana lokaci. Tambayar da na yi wa abokina mai kwafi a akwati ita ce, "Malam, wanda ya goge sunanka ya sayar, izini ya nema?" Ya ce a'a. Na ce to a lokacin ma ai littafinka a kulle yake ruf a idon doka, ya fi NC tsanani, bai hana shi ba. Wanda ya goge suna ya karya dukkan lasisan shida, har mafi sassauci. Ɓarawo ba ya karanta shafi na biyu. Masu karanta shi su ne mai maɗaba'ar da ke tsoron haƙƙi, da gidan rediyon da ke sa talla tsakanin shirye-shirye, da kamfanin jirgin yawo da ke son saka jagorar cikin jakar da yake bai wa alhazansa, da mai tebur a Kasuwar Kurmi da zai kai ta hannun tsohuwar da ba ta da babbar waya. Waɗannan NC yake tsayarwa. Kuma littafi a ƙasar Hausa ta hannun 'yan kasuwa yake tafiya tun tale-tale. Ahalari da Ishmawi da Iziyya ba a mota kyauta suka shiga kowane zaure ba, masu bugawa da masu talla ne suka kai su, suna cin 'yar ribarsu.

Ga kuma duhun iyakarsa. Lasisin ya ce abin da aka hana shi ne amfanin da babban nufinsa cin ribar kasuwanci ko samun kuɗi, bai ƙara fayyacewa ba. Makarantar Islamiyya mai karɓar kuɗin wata tana ciki? Shafin intanet mai 'yan tallace-tallace a gefe fa? Abin ya kai har kotu a Amurka. Wata ƙungiyar ilimi mai suna Great Minds, wadda ta saki darussanta a kan BY-NC-SA, ta kai ƙarar FedEx saboda shagunansa suna karɓar kuɗi suna yi wa makarantu fotokwafin darussan. A 2018 kotun ɗaukaka ƙara ta ce shagon bai yi laifi ba, tunda aiken makarantar yake yi. Hukuncin ya yi daɗi, amma sai da aka kai ga lauyoyi, kuma hukuncin Amurka ne, ba ya ɗaure alƙali a Kano ko Damagaram ko Jidda. Ƙari a kan haka, rubutun NC ba ya haɗuwa da na Wikipedia. Ba za a iya ɗaukar sakin layi daga jagorarka a sa a Wikipediar Hausa ba, kuma kai ma in ka gauraya rubutun can da naka ba za ka iya fitar da shi a kan NC ba.

Ban ce NC ba shi da gurbi ba. Jami'ar MIT tana sakin darussanta a kan BY-NC-SA, kuma sun amfani jama'a da yawa. In rubutu ne abincinka, misali ka shekara uku kana haɗa ƙamus na Larabci da Hausa kana son ɗalibai su raba a waya amma bugun takarda ya zama naka, NC zai riƙe maka wannan ƙofar, duk mai son bugawa ya zo ku yi ciniki. Sai dai ka tabbata kana da niyyar amsa waya da bin sawun masu bugawa. Wanda ya sa NC ya tafi abinsa ya hana wasu ci shi ma bai ci ba.

ND kuma tsoron da yake magancewa ya fi na kuɗi nauyi, tsoron a sa maka magana a baki. Ɗan Makkan ya ce, "Yaya, in wani ya canza addu'a ko ya juya hukunci ya bar sunayenmu a kai fa?" Tambaya ce ta gaske. Amma mu duba abin da ND zai yi wa jagora irin tamu. Kafin 2022 manhajar da ake neman izinin umara da Rauda da ita sunanta I'itamarna, sai Nusuk ta maye gurbinta. Jirgin Haramaini kansa sai 2018 ya fara ɗaukar fasinja. Duk jagorar da aka rubuta kafin waɗannan shekarun kuma aka hana gyara ta, yau ɓatar da alhaji za ta yi. Fassara ma a idon doka canji ce, ke nan a kan ND ba mai ikon mayar da ita Zabarmanci ko Fulatanci ko Kanuri ya raba sai ya nemo mu biyar ɗin. Shi kansa mai tambayar, ƙannensa a Makka suna jin Hausa rangaɗaɗau amma boko ba ya karantuwa a idonsu, da harafin Larabci suka saba. Haka 'yan'uwanmu na Mai Wurno da sauran garuruwan gaɓar Shuɗin Nilu a Sudan. Wanda zai mayar musu da ita ajami dole ya sauya wasu kalmomin da ba sa faɗa a can, ya cire abin da ya shafi hukumar alhazan Najeriya ya sa nasu. Wannan duk ND ya toshe shi.

Kuma in aka duba, ilimin da muka gada a kan gini bisa gini ya tsayu. Matani ya fito, wani ya yi masa sharhi, wani ya yi wa sharhin hashiya, wani ya taƙaita, wani ya waƙe shi don yara su haddace. Nana Asma'u ta mayar da waƙoƙin mahaifinta daga Fulatanci zuwa Hausa. Masu tahamisi sukan ɗauki baitin wani su ƙara masa ɗango uku ya zama biyar. Abin da malamai suka tsananta a kai shi ne jingina magana ga mai ita da bambance nawa da naka. Lasisan 4.0 masu yarda da gyara sun ɗauki wannan ladabin sun mai da shi sharaɗi: wanda ya canza dole ya nuna cewa ya canza, ba shi da ikon nuna kamar kun amince da nasa, kuma in ka ga abin da aka yi bai yi maka ba kana iya cewa a cire sunanka, dole a cire. Sannan ND ɗin ma bai hana a yanko wani sashe na maganarka a raba shi kaɗai ba, don ya yarda a yaɗa aiki duka ko ɓangarensa.

Inda ND ya zauna daram shi ne rubutun da muryar mutum ce: fatawa, huɗuba, ra'ayi, shaidar abin da ido ya gani. Dattijon da ya ba da labarin yadda iyayensa suka ratsa Chadi da Sudan suka tsallako ta Sawakin, ba wanda ya isa ya gyara masa abin da ya tuna. Ita kanta FSF, duk da zafinta a kan 'yanci, BY-ND take sa wa maƙalunta na ra'ayi. Ke nan kafin ka zaɓi haruffa, tambayi kanka ko abin da ka rubuta kayan aiki ne kamar fartanya, da za ta dushe a wasa ta a sake mata ƙota, ko kuwa bakinka ne.

In kayan aiki ne, saura biyu, BY da BY-SA, kuma a nan ne zaɓin yake da wuya da gaske. BY ya ce yi duk abin da kake so, ka dai ambace ni. Shi ya fi saurin yaɗuwa don kowa yana iya haɗa shi da komai. African Storybook, mai littattafan yara da harsunan Afirka har da Hausa, a kansa yawancin labaransa suke, shi ya sa labari ɗaya kan zaga harsuna da dama. Raunin BY shi ne wani yana iya ɗaukar jagorarka ya gyara ta, ya ƙara taswira da sabon jadawali, sannan ya kulle abin da ya ƙara, ya rubuta sunanka a ƙasa da ƙananan haruffa. Bai yi laifi ba. Kai da ka haƙa rijiyar sai ka nemi izini kafin ka sha daga sabon bakin da ya gina mata.

SA ya rufe wannan hanyar. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski: ka ɗauka ka gyara, to gyaranka ma a buɗe yake ga kowa, har da mu. Wannan ne kuma ya amsa damuwar abokina fiye da NC. Mai maɗaba'a yana da ikon bugawa ya sayar, amma dole sunayenmu su tsaya, dole ya buga sanarwar lasisin, kuma maƙwabcinsa yana da ikon kwafar bugunsa ya sayar ƙasa da nasa. Inda kowa ke da ikon bugawa, farashi ba ya yin nisa da kuɗin takarda da ɗawainiya. Raunin SA shi ne wasu manyan masu buga littattafai suna gudunsa, kuma ba ya gauraya da BY-NC-SA ko kaɗan, kowane yana cewa sai nawa. A lura kuma, sharaɗin yana hawa kan abin da aka gyara ne. In wani ya ɗauki jagorarmu yadda take ya jera ta cikin kundi tare da wasu rubuce-rubuce, sauran kundin bai zama BY-SA ba. Wikipedia a kan BY-SA take tun 2009, ta koma zubi na 4.0 a 2023, don haka mai son rubutunsa ya riƙa shiga can yana fitowa ba tare da shamaki ba, wannan ce ƙofarsa.

Saura biyu da zan taɓa a gurguje. CC0, wanda ya fito a 2009, sakin haƙƙi ne gaba ɗaya, ko ambaton suna ba dole ba. Ya dace da jerin kalmomi, sunayen wurare, jimlolin da ake tarawa don koya wa na'ura harshe. Rumbun bayanai na Wikidata da shirin Common Voice na Mozilla, wanda ke tara muryoyin Hausa, a kansa suke. A jagorar da ke da maganar lafiya da ibada ban so shi ba, don mai karatu yana bukatar sanin daga wa ta fito. GFDL kuwa girmama shi za a yi a matsayin dattijo a wuce. Ya wajabta a haɗa cikakken matanin lasisin a kowane kwafi, ko an fassara shi sai an bar na Ingilishin, ka ga takarda mai shafi biyu sai ta ja wutsiyar da ta fi ta tsawo. Ya kuma yarda marubuci ya ware sassan da ba a taɓawa, abin da ya sa masu haɗa manhajar Debian mai 'yanci suka yanke a 2006 cewa duk takardar da ke da irin waɗannan sassan ba ta cika 'yanci ba. Sai da FSF ta fitar da zubi na 1.3 a 2008 sannan Wikipedia ta sami hanyar ƙaura. In ba littafin wata manhajar GNU, shirin su Stallman, kake ƙara wa babi ba, ba abin da zai kai ka can.

Kafin a sa hannu akwai abin da ya shafi lasisan CC shidan duka. Lasisin CC ba a janye shi. Kana iya daina rabawa, amma wanda ya riga ya karɓa ya karɓa, magana zarar bunu ce. Bai kuma raba ka da mallakarka ba, kana iya buga naka ka sayar, ko ka ba wani izini na musamman. Wanda ya yi kuskure wajen ambaton suna yana da kwana 30 daga ranar da ya gane don ya gyara, izininsa ya dawo. Ba ka da ikon sa lasisi a kan abin da ba naka ba, hoton da ka tsinta a Facebook ko shafin da ka kwafo daga littafin wani. In ku da yawa kuka rubuta, sai kowa ya yarda. Sannan lasisi tsakaninka da mai karatu ne, bai ɗauke maka neman izinin hukuma na bugawa da rabawa a nan Saudiyya ba.

A dare na uku muka raba jagorar gida biyu. Shafi 44 na yadda ake yi, daga Nusuk har jimlolin Larabci, muka sa musu CC BY-SA 4.0, da sunayenmu da shekarar bugu da adireshin lasisin, da layi ɗaya da ke roƙon duk wanda ya gyara ya rubuta ranar gyaransa a bango. Nasihar shafi huɗu da wani malaminmu ya rubuta mana a gaba muka je muka tambaye shi. Ya saurara har muka gama, ya ce, "'Ya'yana, a raba ta ko'ina, amma kada a taɓa mini kalma." Muka sa mata BY-ND, muka bayyana a shafi na biyu cewa ita hukuncinta daban. Hotuna bakwai muka cire don ba mu san masu su ba, ɗan Makkan ya ɗauko sababbi da wayarsa a tashar jirgin ƙasa, biyu sun ɗan karkace. Abokina mai kwafi a akwati shi ya sa hannu a ƙarshe, bayan ya sa an ƙara girman sunayenmu a bango. Har yanzu in maganar ta taso yakan ce shi dai da NC aka sa da ya fi samun barci. Ƙanwar ɗan Makkan ta fara mayar da babin masu ciwon suga ajami, ta kai shafi na uku, ta aiko tana tambayar me ake nufi da jiri.